Wa Zai Ɗaga Baba?

Ranar da aka sallami mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, dangi sukan ɗauka an ci ƙarfin wahala. Alhali ranar ce aikin yake faɗawa hannun waɗanda ba a koya wa komai ba. A asibiti akwai gado mai tsayi, akwai nas, akwai 'yan dubiya masu shiga da fita, ba a rasa ƙaƙƙarfan da za a ce wa, "Don Allah kama mana." A gida kuwa sai katifa a ƙasa, da ƙaramar ƙofa, da bayi can ƙarshen tsakar gida, da mace ɗaya wadda kowa ya sakar wa ragamar jinya. Takardar sallama tana ɗauke da sunayen magunguna da ranar komawa ganin likita. Babu inda take faɗin yadda za a raba mutum mai kilo 70 da shimfiɗarsa da asuba, a kai shi ya zagaya, a yi masa wanka, a zaunar da shi ya ci abinci, a mayar da shi, a kuma riƙa juya shi cikin dare.

Masu irin wannan buƙata ba kaɗan ba ne a Kafanchan da kewayenta, daga Kagoro da Manchok zuwa Zonkwa, Kwoi da Gidan Waya. Akwai waɗanda hawan jini ya kayar. Akwai matasan da hatsarin achaɓa ko na mota ya taɓa musu laka. Akwai tsofaffin da suka zame a banɗaki ƙashin ƙugu ya karye, daga nan ba su sake takawa ba. Akwai waɗanda harsashi ya bari a kwance bayan hare-haren da ƙauyukan yankin suka sha. Sannan akwai yaran da aka haifa da lalurar da ta hana su zama ko tafiya, waɗanda uwa take fara goyawa tun suna jarirai, ta ci gaba da goyo har yaro ya kai kilo 30, ƙafafunsa suna jan ƙasa a bayanta. Duk waɗannan ɗaga su ake yi da hannu, kullum, sau da yawa a wuni.

Na ga yadda ake yi a wani gida a cikin garin Kafanchan. Mai gidan tsohon ma'aikacin reluwe ne, ɓarinsa na dama ya shanye. 'Ya'yansa maza suna Kaduna da Abuja wurin neman abinci, suna aiko da kuɗin magani, jinya kuwa ta rage ga matar ƙaramin ɗansa da wata jikarsa 'yar sakandare. Surukar takan durƙusa a gefen katifa ta ce, "Sannu Baba. Ka riƙe wuyana, za mu tashi." Sai ta sunkuya, ta zura hannuwanta ƙarƙashin hammatarsa, yarinyar kuma ta kama shanyayyen hannun tana ja. Tsohon yakan cije leɓe har a dire shi a kujera, sannan ya ce, "Sannu 'yata, Allah ya yi miki albarka." Ita kuma ta miƙe a hankali, hannu ɗaya dafe da ƙugu. A kan taga akwai man zafi da ƙwayoyin ciwon jiki na kemis, kuma nata ne, ba na mara lafiyar ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kofin ruwan da ke gefen shimfiɗarsa: da gangan tsohon ya rage shan ruwa, don kada fitsari ya sa ya yi ta kiran matar ɗansa. Kunyar surukuta da tausayin bayanta sun sa ya zaɓi ƙishirwa.

A wannan ɗagawa guda an yi ɓarna uku, kuma babu laifin kowa a ciki tunda ba wanda ya nuna musu. Rataya a wuyan mai jinya yana ɗora nauyin mutum gaba ɗaya a kan ƙashin wuyanta. Sunkuyawa daga ƙugu, ƙafafu a miƙe, ita ce hanya mafi sauri ta lalata faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Jan hannun da ya shanye kuwa yana iya gocar da kafaɗa daga mazauninta, domin naman da ke riƙe da ita ya saki, kuma ciwon kafaɗar da ke biyo baya yakan hana mara lafiya yin motsa jikin da zai taimaka masa ya farfaɗo.

Masana sun daɗe da auna wannan abu. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ya ɗaga, shi ma idan akwati ne mai mariƙi, kusa da jiki, ba tare da murɗa ƙugu ba. A 2007 wani masanin hukumar, Thomas Waters, ya lissafa na mai jinya daban, ya ce kada ya wuce kimanin kilo 16, domin ɗan Adam ba shi da mariƙi, yana motsi, yana iya sulalewa ko ya firgita ya ƙanƙame mai ɗaga shi. Ƙafa ɗaya ta ƙaton mutum tana iya kai wannan nauyi. Wato abin da matan gidajenmu suke yi kowace safiya ya ninka iyakar da aka gindaya wa ƙwararrun ma'aikatan jinya har sau huɗu ko fiye, kuma su ba su da canjin aiki, ba su da hutun ƙarshen mako.

Mutane sukan ɗauki ciwon bayan mai jinya a matsayin ƙaramar magana idan aka kwatanta da halin da mara lafiya yake ciki. Ni a wurina magana ɗaya ce. Duk abin da ɗaga shi yake da wuya, rage ɗaga shi ake yi. Wanda ya kamata a zaunar sau uku a wuni sai a koma sau ɗaya, daga baya sai ranar da maza suka zo. Wanda ya kamata a juya kusan duk bayan awa 2 sai ya kwana a gefe guda. Daga nan gyambon kwanciya yake tsirowa a ƙugu da ɗuwawu da diddige, majina ta taru a ƙirji ta zama ciwon huhu, gaɓoɓi su sanƙare. Sau da yawa ba shanyewar ce take kashe mutum ba, waɗannan ne. Ranar da bayan mai jinya ya ƙi kuwa, gidan ya koma da marasa lafiya biyu, kuma galibi yarinya ce ake cirewa daga makaranta ta maye gurbi.

Na'urar da aka ƙera don wannan aiki ba sabuwa ba ce. Wanda sunansa ya fi shahara a kanta, Ted Hoyer, mutumin jihar Wisconsin ne a Amurka, shi kansa hatsarin mota ya shanye masa jiki, kuma shi da wani ɗan'uwansa suka fitar da ita wajen tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Tsarinta ba wani abin mamaki ba ne: ƙafafu biyu na ƙarfe masu taya da ke shiga ƙarƙashin gado, ginshiƙi a tsaye, hannu mai ƙugiyoyi a sama, da majanyi mai ƙwari da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mara lafiya a maƙala. Ana ɗagawa da famfon mai irin na jak ɗin mota, babu ruwanta da wutar lantarki. Akwai masu batir, akwai masu bin layin ƙarfe a rufin ɗaki, amma ta hannu ita ta dace da inda wuta ba ta da tabbas. Da ita mace ɗaya za ta iya ɗauke namiji mai jiki daga gado zuwa kujera ba tare da ta yi nishi ba.

To, a ina mutumin Kafanchan zai same ta? Sai dai ya aika Kaduna, Jos, Abuja ko Legas, wurin masu sayar da kayan asibiti, ko ya yi dace da ta gwanjo a cikin kayan da ake shigowa da su daga Turai. Kaya ne na waje, farashinsu yana bin dala, dala kuwa daga kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sabuwa ta ninka mafi ƙarancin albashi sau da yawa. A yankin da annobar citta ta 2023 ta cinye jarin manoma a Kachia da Jaba da Kagarko, gida nawa ne zai iya wannan bayan kuɗin asibiti ya riga ya ci akuya da gona? Ta gwanjon kuma sau tari takan zo ba majanyi, ko da famfo mai yoyo, ba takardar bayani, ba wanda zai duba ta.

Amma ko da kuɗin ya samu, akwai abin da 'ya'yan da ke birni ba su cika lura da shi ba idan suka tashi yi wa iyaye hidima. An ƙera na'urar ne don gidan da ke da gado mai ƙafa, da daɓe mai santsi, da ƙofa mai faɗi. Ƙafafunta suna buƙatar sarari ƙarƙashin gado, mu kuwa katifa a ƙasa take, ko gadon katako rufaffe har ƙasa. Ƙananan tayoyinta ba sa haura dokin ƙofa, ba sa tafiya a kan tsakuwa ko rairayin tsakar gida, balle su tsallaka kwata su kai ga masai. Ba a kuma yi ta don yawo da mutum daga ɗaki zuwa ɗaki ba. Aikinta daga gado zuwa kujera ne, kusa da kusa. Wanda ya saya ba tare da an duba ɗakin ba, ƙarshenta ta zama wurin rataye tufafi. Saboda haka tambayar farko ba ina ake sayarwa ba ce. A fara da duba wane ƙarfi ya rage wa mara lafiyar, da yadda ɗakinsa yake.

Mafi yawan masu shanyewar ɓarin jiki suna da ƙafa ɗaya da hannu ɗaya masu aiki. Irin waɗannan ba sa buƙatar a ɗauke su cak, taimakon tashi suke so, kuma yin amfani da ɓarin da ke da lafiya wani ɓangare ne na warkewa. Abin da zai sauya rayuwar gidan ƙananan kaya ne da kafinta da tela da mai walda na unguwa za su iya yi. Gado mai tsayi daidai da kujera, don kada a riƙa tayar da mutum daga ƙasa, wanda shi ne aiki mafi kashe baya. Ƙarfen dafawa a gefen gado da bangon banɗaki. Ɗamara mai faɗi mai mariƙai da ake ɗaura wa mara lafiya a ƙugu, a kama ta maimakon hammata. Allon katako mai santsi da ake gittawa tsakanin gado da keken guragu, mutum ya zame a kai a zaune. Zane mai sulɓi ninki biyu da ake sa wa a ƙarƙashinsa don juyawa ko gyara kwanciya ba tare da an goge fata ba. Sai kujera mai rami da bokiti a ƙasa, wadda ita kaɗai tana soke tafiya zuwa bayi cikin dare. A jerin kayan taimako 50 mafi muhimmanci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 akwai irin waɗannan kujerun wanka da na bayan gida, da ƙarafan dafawa, da katifar hana gyambo. Babbar na'ura ta waɗanda ba sa iya ɗora nauyi a ƙafa ko kaɗan ce, kamar mai raunin laka daga wuya, ko mai jiki sosai, ko wanda jinya ta yi nisa.

Su ma waɗannan, buƙatarsu tana da wa'adi. Wani zai samu sauƙi cikin watanni, wani Allah zai karɓi abinsa. A nan ne nake ganin mun kama hanyar da ba ta ɓullewa, wato kowane gida ya yi ta faman neman nasa. Babu gidan da yake sayen makara ya ajiye. Tana jingine a masallacin unguwa, duk wanda rasuwa ta samu ya aika a ɗauko, a gama a mayar. Mun daɗe da fahimtar cewa abin ɗaukar mamaci na jama'a ne. Abin ɗaukar mai rai ne muka bar wa kowa da aljihunsa. Kafanchan tana buƙatar rumbun aro na kayan jinya: na'urorin ɗagawa kaɗan, gadaje, kujerun bayan gida, kekuna da katifu, a ba da su da ɗan abin ajiya da mai tsaya wa mutum, a dawo da su idan buƙata ta kau. A Ingila haka ake yi. Hukuma ce take aika ma'aikaci ya duba gida, ta ba da aron kayan, ta karɓe daga baya, kuma dokarsu ta 1998 ta wajabta a binciki duk na'urar da ke ɗaga mutum bayan kowane wata 6. Ba sai muna da arzikinsu za mu ɗauki wannan dabara ba, tunda ita dabarar ma ta rage kashe kuɗi ce.

Masu riƙe rumbun suna nan. Zumuntar Mata a coci-coci sun fi kowa sanin gidan da ke da mai kwanciya, domin su suke zuwa dubiya da kwanon abinci. 'Yan agaji na ƙungiyoyin Musulmi sun saba da ɗaukar marasa lafiya da hidimar asibiti. Akwai Gidauniyar Fantsuam a Bayan Loco, wadda tun 1996 take aiki da talakawan yankin. Garin da ya sha rikici da sunan addini ba shi da wani aikin haɗin gwiwa da ya fi wannan sauƙin fahimta, domin kujerar da ta yi wata shida a gidan Kirista za ta koma gidan Musulmi ta yi aikin da ta saba. Sai dai ina ganin gindin rumbun ya zauna a asibiti, saboda a nan ake sallama, a nan kuma masu gashin ƙashi suke. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, a harabar babban asibitin da ke ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa. Sabuwar cibiya tana da damar kafa al'adar da tsofaffi ba su kafa ba: kada a sallami wanda ba ya iya tashi sai an zauna da ainihin wadda za ta yi jinyar, ba mai biyan kuɗi ba, an nuna mata da hannu yadda ake juyawa da tayarwa, ta gwada a gaban ma'aikaci. Ɗaliban kwalejin aikin jinya da ungozoma ta Kafanchan da na kwalejin kiwon lafiya ta ECWA a Kagoro suna iya bin gidaje su duba ɗaki su gyara hannu, ya zama cikin darasinsu.

Doka ba ta kai ga wannan lungu ba tukuna. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, ta kuma kafa hukuma ta ƙasa. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021. Duk abin a yaba ne, amma hankalinsu ya fi karkata ga matakalar ofis da gurbin aiki, wato ga wanda ya riga ya fito waje. Wanda nake magana a kansa bai kai bakin ƙofar ɗakinsa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce mutane fiye da biliyan 2.5 suna buƙatar wani kayan taimako, kusan biliyan 1 ba sa samu, kuma a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu buƙata suke samu. Ya kamata hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ta lissafa aron kujera da katifa a matsayin magani. Jinyar gyambo ɗaya da ya ci har ƙashi ta fi kuɗin katifar da za ta hana shi.

Batun ƙerawa a gida kuwa, ina goyon bayansa, amma da sharaɗi. Muna da misali a kusa. A Jos, cibiyar Beautiful Gate ta Ayuba Gufwan ta shafe shekaru tana ƙera kekuna masu ƙafa uku ga waɗanda shan-inna ta naƙasa, kuma shi ne aka naɗa shugaban hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2024. A Kano ƙungiyar masu shan-inna da Aminu Ahmad Tudun Wada ya jagoranta ta yi suna a irin wannan sana'a. Kasuwar masu ƙira da walda ta Panteka tana Kaduna. Kafanchan kanta mahaɗar jirgin ƙasa ce tun 1927, garin da ya san ƙarfe. Amma keken da waldarsa ta saki yana ƙasa ne, na'urar ɗagawa kuwa mutum yana rataye a sama lokacin da za ta ba da kai, kuma ba shi da hannun da zai kare kansa. Ɗinkin majanyi ma haka yake. Zaren da tela yake ɗinka riga da shi ba zai riƙe mutum ba. Gado da kujera da ƙarfen dafawa a bar wa masu sana'a na unguwa. Na'urar ɗagawa kuwa sai an fitar da zane guda, an gwada kowace da nauyin da ya zarce na mutum kafin ta bar shago, an rubuta iyakarta a jiki. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana da injiniyoyin da wannan ya fi dacewa da su.

Akwai turjiya da za a fuskanta daga cikin gida, kuma bai kamata a raina ta ba. Wasu za su ce an mai da uba kaya, ana ɗaga shi da inji. Wasu za su ga kamar gudun lada ne. Ni ban ga mutunci a jan dattijo ta hammata zani yana zamewa ba, kuma ladan jinya yana ga kulawa da haƙuri da kyakkyawar fuska, waɗanda duk sun fi samuwa ga wadda bayanta bai hana ta barci ba. Tsoron mara lafiya na gaske ne, shi ya sa ake so mai jinya ta fara shiga majanyin a ɗaga ta a gabansa, a kuma riƙa gaya masa kowane mataki kafin a yi.

Turjiya ta biyu ta fi wuya, kuma ita ce za ta iya kashe rumbun aro tun yana jariri: mutane da dama ba sa son kwanciya a gadon da wani ya cika a kai, ko zama a kujerar mamaci. Wasu gidajen kuma sukan riƙe kayan bayan rasuwa, ko su sayar don rage bashin asibiti. Dole rumbun ya kasance da mai kula da shi da ake biya, da littafin shiga da fita, da wurin wanki da fenti, ta yadda duk abin da ya dawo za a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sauya majanyi da rigar katifa, a duba walda da taya kafin ya sake fita. Limamai da fastoci kuma su faɗa a kan mumbari cewa mayar da kujerar haƙƙi ne na maƙwabcin da ke jira, su kuma fara karɓar irin wannan aro a gidajensu idan lalura ta zo musu.